Babanka Aiki Ya Roƙa, Suka Miƙa Masa Buhu

Zuwa ga autana Bulus,

Yabo ga Yesu. Ina gaishe ka da kyau. Ina fata mota ta sauke ka lafiya, ka tarar da malamanka da abokan karatunka cikin alheri. Allah ya tsare ka a wannan makaranta ta firistoci, ya kiyaye maka jikinka da hankalinka, Uwarmu Maryamu kuma ta riƙa yi maka roƙo. Mu nan Gumel lafiya lau muke. Labarin gida yayarka Rahila za ta ba ka a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar Lahadin da aka yi maka addu'ar sallama. A coci ban iya faɗa ba don mutane, a tasha kuma ga kaya ga hayaniya.

Ka tuna bayan Misa baƙin nan da suka zo daga birni sun raba kayan abinci a bakin coci. Kai aka ba waya ka ɗauki hoto. Ina tsaye a gindin dalbejiya ina kallonka. Da aka zo kan Gwaggo Tabita, ta karɓi ledarta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Da kunnena na ji ka ce, “Gwaggo, sauke mayafin mana. Ɗaga ledar sama, ki kalli nan, ki yi dariya.” Ta sauke, ta ɗaga, ta yi abin da ka kira dariya. Auta, matar nan ita ta riƙa goya ka lokacin da nake gaban kaskon ƙuli-ƙuli. Da daddawar da take bugawa da hannunta ta rufa wa kanta asiri tun mijinta ya rasu, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da kwano ba. Kai kuma da na haifa ka tsaya kana koya mata yadda za ta riƙe leda!

Na san ba da mugunta ka yi ba. Abin da ka ga manya suna yi shi ka yi. Shi ya sa zan gaya maka abin da aka yi wa babanka a wannan wurin, lokacin kana makarantar kwana. Faɗowarsa ka sani. Abin da ya biyo baya ne ba ka gani da idonka ba, don duk hutun da ka zo cewa muke yi ƙafa ce ta hana shi zuwa coci.

Da ya faɗo daga kan rufin nan a Sule Tankarkar ƙugunsa ya karye, ba zan yi wa ikilisiya ƙarya ba, an yi mana zumunci. Matan zumunta sun yi ta zuwa da kunu da itace. Katikis, malamin cocinmu, bai fasa kawo masa gurasar Jibi Mai Tsarki ba. Samari suka je suka nome mana 'yar gonarmu ta hanyar Gagarawa, suka dawo suka sha fura suna tsokanarsa. Wannan taimako ne, kuma bai taɓa yi masa ciwo ba, don yana kwance ne, kowa ya san idan ya tashi shi ma zai yi wa wani.

To, ya tashi. Yana ɗingishi da sanda, hawan rufi ya ƙare masa, amma hannunsa na nan yadda ka san shi. A daidai lokacin ne kwamitin coci ya gama ginin ɗakin taro, ana neman mai yin ƙofofi da tagogi da bencina. Babanka ya yi wanka, ya sa rigarsa mai aska biyu, ya tafi gidan Ciyaman Filibus, shugaban kwamitin, wanda yake harkar fiton kaya a bakin iyaka a Maigatari. Na raka shi don hanya. Muka gaisa, babanka ya ce, “Ranka ya daɗe, na zo ne a kan aikin ɗakin taro. A ba ni, zan yi.”

Ciyaman ya dubi sandar, bai dubi fuskarsa ba. Ya ce, “Haba Malam Istifanus, da wannan ƙafar? Kai dai ka zauna ka huta. Ikilisiya ba za ta bar ka da yunwa ba.”

Babanka ya ce, “Ƙafa ce ta karye, ba hannu ba. Benci a kan tebur ake yin sa.”

Ciyaman ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa kamar yadda ake dafa yaro, ya ce an riga an yi magana da wani ɗan kwangila a Kano. Mutumin da ya yi bagaden cocin nan da hannunsa, ya yi gicciyen da ke kan bango, ya gyara kowane benci da ya taɓa karyewa tun kafin a haife ka, shi aka sallama da dafa kafaɗa.

Sai bikin godiyar kaka ya zo. Nan ina da nawa laifin, ba zan ɓoye maka ba. Shugabar zumuntar mata ta same ni ta ce, “Saratu, za a raba wa mabukata kaya, mu sa maigidanki?” Gida babu komai a lokacin, man gyaɗa ba ya tafiya. Na ce a sa. Ban tambaye shi ba. Na yanke wa mutum mai hankalinsa hukunci a bayan idonsa, ina ganin gata na yi masa. Kada ka taɓa yin haka, Auta. Ko wane ne za ka taimaka, ka fara zama ka tambaye shi abin da yake so, ka kuma yi shiru ka ji amsar, ko da ba ita kake so ka ji ba.

Amma ni a zatona za a kawo gida ne a ajiye a zaure. Ban san taro za a yi da mu ba. Ranar coci ya cika, har da baƙi daga Haɗeja da Kano, an jera dammunan gero da buhunan riɗi da zoɓo a gaban bagade. Bayan an gama wa'azi Ciyaman ya karɓi lasifika ya ce yanzu za a kira waɗanda ba su da ƙarfi a cikinmu. Ya kira gwauraye mata. Ya kira Kaka Ladi, tsohuwar nan mai sharar harabar coci wadda ba ta da kowa. Sai na ji, “Malam Istifanus Kafinta, wanda Allah ya jarraba, ya zo ya karɓi nasa.”

Babanka bai motsa ba. Mutane suka waiwayo. Ni kuma, don kunyar idanu, na taɓa shi na ce, “Malam, tashi mana, ana kallonmu.” Ya dube ni wani irin kallo da har yau ban manta ba, ya ɗauki sandarsa ya tashi. Daga bencin baya har gaba, kana jin sandar tana bugun siminti, coci ya yi tsit. Aka tsayar da shi kusa da Kaka Ladi, aka jingina masa buhun shinkafa a ƙafa, Ciyaman ya riƙe kunnen buhun ya juya fuskarsa wajen mai hoto. Aka ce a tafa. Aka tafa, Auta! A gaban bagaden da ya sassaƙa, aka tafa wa wanda ya hana shi aiki don ya ba shi sadaka.

Wannan ba ƙauna ba ce, ko da wa ya ce maka ita ce. Wanda ya bayar ya koma gida da suna, wanda aka ba ya koma gida da buhu da kansa a ƙasa. Ka dubi wanda ya ci riba a ciki.

Daga ranar babanka ya daina magana sai ta dole. Ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ranar Lahadi zai ce mini, “Ki gaida mutane,” ya juya fuskarsa bango. Buhun yana zaure, ya ce kada ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyarsa. Da abin ya matsa na ɗiba na dafa, na ce masa a kasuwa na auno. Ya ci loma ɗaya ya ajiye cokali ya ce, “Saratu, har ke?” Ƙaryar ta fi yunwar yi masa ciwo. Mutumin da aka riga aka ƙasƙanta, kada ka ƙara masa da wayo. Ka gaya masa gaskiya, ita ce abu na ƙarshe da ya rage da ke nuna masa kana ɗaukarsa babba.

Ka san wanda ya tashe shi? Ba kwamiti ba ne. Maƙwabcinmu ne Alhaji Sabo, mai fataucin shanu. Wata safiya ya yi sallama, bai ko zauna ba ya ce, “Kafinta, amalankena ta tarwatse a hanyar Maigatari, katakon duk ya ruɓe. Ranar kasuwa nake son ta. Za ka iya ko in nemi wani?” Bai ce sannu da jiki ba, bai dubi sanda ba. Suka yi ciniki kamar za su yi faɗa, ina jin su daga tsakar gida. Babanka ya jawo akwatin nan, ya share wa zarto tsatsa, ya zauna a kan kututture a rumfa ya kama aiki. Da Alhaji ya zo ɗauka ya zagaya amalanken, ya buga gefe ɗaya da hannu ya ce, “Wannan katakon a karkace yake. Ni ba zan karɓi wannan ba, cire ka sake.”

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata mutumin nan ba shi da tausayi. Sai ga babanka ya shigo gida yana dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, “Kin ji Alhaji? Wai a karkace yake! Kuma da gaskiyarsa, a karkace yake.” Ya koma ya cire ya sake. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Sai na gane abin da ya rasa. Tun da ya faɗo kowa lallaɓa shi yake yi, babu wanda ya ɗauke shi a bakin wanda za a yi wa faɗa a kan aiki. Alhaji bai san wa'azin Fada, firist ɗinmu, ba, bai taɓa shiga coci ba, amma ya mayar wa mijina da abin da 'yan'uwansa na baftisma suka ƙwace masa.

Wannan ya ƙara mini fushi, kuma ya ba ni ƙarfin hali. Na daɗe ina shiru don tsoron manya, ina cewa wace ce ni, mai ƙuli-ƙuli, da zan yi wa kwamiti magana. Shirun nan kuskure ne, don a cikinsa an sake yin rabon, an sake tsayar da wasu. Idan ka ga ana wulaƙanta mutum a cikin gidan Allah, ka yi magana a ranar, kada ka jira sai ranka ya gama dahuwa kamar ni.

Na sami Fada bayan Misar safe. Matashi ne a lokacin, bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa ma ba ta gama nuna ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, “Fada, kun san dalilin da ya sa maigidana ya bar zuwa coci?”

Ya ce, “An ce mini ƙafa ce, Mama.”

Na ce, “Da ƙafar yake zuwa kasuwar katako. Aiki ya roƙa aka hana shi, aka kira shi a lasifika aka ba shi buhu.”

Ya ce, “Taimako muka yi nufi.”

Na ce, “Wa ya tambaye shi?”

Sai ya ce masu aiko da kayan suna so su ga hoto, don su tabbata ya isa hannun mutane. Na ce, “To ku ɗauki hoton buhun mana, Fada. Buhu ba ya jin kunya.” Na faɗa masa kuma cewa rabin waɗanda ake jerawa a gaba suna da sana'a. Mai daddawa tana nan, mai saƙar tabarma tana nan, mai ɗinki yana nan da kekensa a rufe. Amma in za a yi biki a coci, abinci daga otal, kujeru daga Kano, labule daga wani gari. Ana tsallake hannuwansu a kai aikin waje, sannan a dawo a ce su miƙo hannuwan a sa musu sadaka. Na ce, “Ubangijin da kuke ɗagawa a bagade a gidan kafinta ya girma. Da babanSa na reno yana ikilisiyar nan, da kun kira shi a lasifika.”

Na fito ina zaton na jawo wa kaina. Amma in yi masa adalci, Fada ya zo har rumfa ya zauna a kan garwa, ya ba babanka haƙuri. Babanka ya karɓe shi da ladabi, ya sa na kawo ruwa, ya ce babu komai. Ranar Lahadi kuma bai je coci ba. Haƙuri na baki ba ya ɗinke irin wannan da wuri, ka riƙe wannan ma.

Abin da ya mayar da shi mutuwar Kaka Ladi ce. Da damina ta rasu a ɗan ɗakinta na bayan coci. Katikis ya zo yana cewa ba a san yadda za a yi da akwatin gawa ba, Ciyaman ya tsallaka Nijar da kaya, 'yan kwamiti sun ce ba za su taɓa komai ba sai ya dawo. Ga zafi, ga gawa kwance. Matar da ta share wa mutanen nan ƙasar da suke takawa har bayanta ya tanƙware, wai sai an jira sa hannu!

Babanka ya miƙe. Akwai katakon da Alhaji Sabo ya saya don wata amalanke, yana jingine a rumfa. Ya leƙa gidan Alhaji ya gaya masa. Alhaji ya ce, “Allah ya sa ta huta. Ɗauka ka yi, ka biya ni da aiki.” Babanka ya auna, ya yanka, ya haɗa. Ya goge shi sumul kamar na mai sarauta, ya sassaƙa ɗan gicciye ya manna a kan murfin. Kafin la'asar an gama. Mu matan zumunta muka wanke ta muka sa mata zanenta na Lahadi. Samari suka haƙa kabari. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gyaran mota ya rufe shagonsa ya kawo a-kori-kura. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya riƙe lasifika. Ranar na ga ikilisiyar da na sani tun ina yarinya.

Da aka ɗauki akwatin za a shiga da shi coci, ina zaton babanka zai tsaya a ƙofa. Sai ya bi bayansa da sandarsa, hannunsa ɗaya a kan murfin, har gaban bagade. Ya tsaya nan har aka gama Misa. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya ce mini, “Tare aka tsayar da mu ranar nan. Ita ba ta da wanda zai yi fushi dominta.”

Ciyaman ya dawo, ya ji labari. Lahadin da ta biyo baya ya karɓi lasifika ya ce Malam Istifanus ya fito gaba a tafa masa saboda aikin alheri. Babanka yana zaune a bencin baya, ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Na gode, ranka ya daɗe. Na taɓa tsayawa a nan, ya ishe ni.” A wannan karon ban taɓa shi ba. Tun daga nan bai sake fashin Misa ba, kuma bai sake taka gaban nan ba sai don karɓar Jibi.

Kada ka zaci komai ya gyaru. Fada ya sa yanzu matan zumunta ke kai taimako gidaje a cikin kwandon cefane, kuma a wurin 'yan ikilisiya ake sayen abincin biki. Amma Ciyaman yana nan a kujerarsa, kuma duk ranar da baƙi masu mota suka zo, sai a koma jera mutane a rana. Har yanzu raina na tafasa in na gani.

Kai kuma in Allah ya kai ka, wata rana kai za a riƙa kira Fada. Tsofaffi sa'annin kakanka za su durƙusa su gaishe ka, masu kuɗi za su kawo maka kaya su ce ka raba. Wannan wuri ne mai santsi, Auta. Za ka saba da godiyar mutane har ka fara jin daɗinta, ka fara ganin talaka bai cika ba sai ya sunkuya. Ka ji tsoron wannan fiye da yadda kake tsoron faɗuwa jarrabawa. In mai yunwa ya zo, ka ba shi abinci da sauri, a ɓoye, kada ka haɗa masa da wa'azi. In mai sana'a ya zo, ka ba shi aiki, ka biya shi a kan lokaci, in ya yi ba daidai ba ka ce ya sake. Ka san sana'ar kowa a ikilisiyarka kamar yadda ka san sunansa na baftisma. Kada ka bari mai kuɗi ya sayi gaban bagade da buhu. Kuma ka bar talaka shi ma ya ba ka, ko ƙwai ne ko tafasa, ka karɓa da hannu biyu ka ci a gabansa, don wanda ba a karɓar nasa ya san ba a ɗauke shi ɗan gida ba.

Na karanta wa babanka abin da na rubuta. Ya ce na cika surutu, amma bai ce in cire komai ba. Yana gaishe ka. Ya ce in ka zo hutu ka taho da tsofaffin tufafi, an ba shi aikin ƙofofin wata makaranta a Gagarawa, yana bukatar mai riƙe masa katako. Ya ce in gaya maka ko Bishof ka zama, in ka yanka a karkace sai ka sake.

Allah ya kiyaye fitarka da shigarka, ya raba ka da ciwo da mugun aboki da girman kai. Ya sa ka gama lafiya, ya dawo mana da kai muna da rai. Kullum kana cikin addu'ata ta rosari.

Mahaifiyarka,
Saratu